Mma Adjara da faifan babban goge

Kafin rana ta yi zafi a unguwar Abu Hamour, can ƙasar Larabawa, Mma Adjara ta riga ta yi wa Baba Hadli wanka, ta shafe masa ƙafafu da mai, ta zaunar da shi kusa da taga. Sai ta tsaya tana duban hannuwansa. In yana murza yatsu, ta san faifan da za ta sa masa. In sun kwanta a cinya, wani daban za ta ɗauko.

'Yar Zongon Kumasi ce, aikinta jinyar tsofaffi a gida. Baba Hadli kuwa ɗan Ingila ne, tsohon injiniya, yana zaune a gidan ɗansa da aiki ke yawan kaiwa teku. Ciwon mantuwa ya cinye masa sunaye da fuskoki. Abin da ya rage masa shi ne kiɗan wani gwanin ƙasarsu da ya daɗe da rasuwa, irin kiɗan da taron makaɗa ke yi da gogaye da kakaki da sarewa, babu muryar mutum a ciki.

Masahudu, direban gidan, ɗan Zariya, yakan leƙo ya ce, "Mma, yau ma zaman makoki ake yi?"

"Je ka wanke motarka," in ji ta. "Magani ne. Ka taɓa jin magani mai daɗi?"

A hankali kunnenta ya saba. Faifai mai kakaki da ganguna ta ɓoye shi a ƙarƙashin tawul, don yana sa tsohon ya miƙe neman ƙofa. Mai gogaye zalla na safe ne. Wanda ya fi so shi ne na babban goge, mai murya kamar dattijo na magana da kansa. Faifai biyu yake da su na kiɗan nan. Sabon ba ya son shi, wai suna sauri kamar an koro su. Tsohon, mai ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana suyar ƙosai, shi ke kwantar da shi. In an kira salla takan kashe, har ya koyi ɗaga hannu da kansa don a kashe.

Da korona ta zo aka rufe hanyoyi, Mma Adjara ta daina fita ko kasuwar kayan miya, don kada ta kwaso masa cuta. 'Yarta Nasiratu ta haihu a Kumasi, a waya ta ga jikan. Shi ma Baba yana da 'ya a Ingila, Rozalin, ma'aikaciyar asibiti. Cutar ta kama ta, ta bar mata ciwon ƙirji, likitoci suka hana ta hawa jirgi. Kullum takan kira ta bidiyo, kullum kuma kallon da yake yi mata na ƙara zama na baƙuwa. Wata rana ya juyo ya tambayi Mma Adjara ko wace ce wannan. Rozalin ta kashe wayar ba sallama.

Abin ya hana Mma Adjara cin abinci. In yarinyar nan ta warke ta zo, ubanta ya tambaye ta sunanta fa?

Daga ranar ta hana shi faifan babban goge, sai lokacin da Rozalin ta kira. Ya yi fushi, ya ƙi shayi, ya buga hannun kujera. Masahudu ya ce, "Haba Mma, ki ba bawan Allah abinsa mana."

"Zan ba shi. Amma tare da fuskar 'yarsa zai riƙa samu."

Ita kanta ba ta da tabbas. Ba likitan da ya koya mata, kuma akwai ranakun da ta ji kamar zaluntarsa take yi.

Sai lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a ƙasar nan likitoci suka sake Rozalin. Ta sayi tikitin wasan da ba za ta kalla ba, don a lokacin sai mai tikiti ake bari ya shigo ƙasar. Da la'asar Masahudu ya ɗauko ta, titi cike da hon ɗin motoci da ihun 'yan kallo. Hayaniyar ta firgita Baba, ya maƙale a kujera. Rozalin ta durƙusa a gabansa, ya kau da kai. Mma Adjara ta sa tsohon faifan.

Babban gogen ya fara. An daɗe bai motsa ba. Can ya kamo hannun Rozalin ya ɗora a gwiwarsa, yana buga mata kiɗan da yatsa. Bai faɗi sunanta ba. Cewa ya yi, kamar mai magana da wadda ya saba da ita, "Kin makara. Sun riga sun fara."

Mma Adjara, ke ce kika jure fushin tsoho don ki ajiye wa wata ubanta, alhali naki jikan na rarrafe a inda hannunki bai kai ba. A ƙarshen watan nan za ki koma Kumasi. Mun gode, uwar haƙuri, Allah ya sa a yi miki fiye da yadda kika yi. Mu da muka rage muna jinyar iyayen wasu a ƙasar nan, mu koyi duban hannuwansu kamar yadda take yi.

Ta riga ta nuna wa wadda za ta gaje ta inda faifan yake, ta kuma gargaɗe ta: tsohon, ba sabon ba.