Wa Zai Riƙe Igiya

Sana'ar gidanmu haƙar rijiya ce, kuma a ƙasar Katagum wannan kasada ce babba, don ƙasarmu yashi ce, ba ta da amana. Yayana ke shiga ciki, ni kuma aikina igiya. Tun kakanninmu akwai ƙa'ida guda da ba a taɓawa: wanda ke cikin rami in ya ja igiya sau uku, a fito da shi nan take, ba tambaya. Ko mai rijiya ba shi da bakin cewa me ka gani. Kuma ba a ba bare igiya, sai wanda kuka sha nono ɗaya. Shekara tara ina riƙe wa Yaya, har tafin hannuna ya koma kamar ƙirgi.

Bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Turawa, sai gwamnati ta shigo da nata tsarin. Ta kafa ayarin mahaƙa masu albashi, ana bin bangon rijiya da siminti, kuma aka ce akwai doka a rubuce don kare lebura. Gardama ta tashi a gidanmu. Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, dillalin fata ne a kasuwar Azare, shi ke samo mana jinga wajen attajirai da Fulani masu shanu. Wata rana bayan la'asar muka zauna a zaurensa.

"Mutum da ƙarfinsa, shi ya kamata ya yi wa kansa ciniki," in ji Kawu. "In wannan mai rijiya ya matsa maka, ka ɗauki daginka ka tafi wajen wancan. Amma in ka shiga hannun hukuma, wajen wa za ka gudu?"

Yaya ya ce, "Kawu, tafiyar nan da kake faɗa, ina ake zuwa? Bara a Gololo na fito na ce a bari ƙasa ta kwanta, kafin kwana biyu an kawo wasu daga gabas sun karɓe aikin a kan araha. Wajen gwamnati akwai siminti, kuma in ka ji rauni a kai ka asibiti."

Ni ban yarda da ko ɗayansu ba. Kawu na san la'adarsa yake tsaro, ban taɓa ganin ya leƙa ramin da ya wuce gaba biyu ba. Dokar gwamnati kuwa, abin da aka rubuta da boko aka kulle a akwati, ni ban ga yadda zai sauka cikin rijiya ya ɗauko mutum ba. Na ce, "To, a can ɗin wa zai riƙe igiya?" Su duka biyun suka yi mini dariya. Kawu ya ce ni da ma ko inuwata zarginta nake yi, kuma bai yi ƙarya ba.

Yaya ya shiga ayarin gwamnati, aka tura su wani ƙauye kusa da Gadau. Ni ba a ɗauke ni ba, an ce masu igiya sun cika. Duk da haka na bi su, na riƙa zama gindin wata aduwa ina kallo kamar maras aikin yi. Helmansu, wato shugaban ayarin, tsohon soja ne, mai usur a wuya. Gaskiya ba mugu ba ne, ya hana a sa mutum biyu a rami ɗaya, kuma yana duba igiya kullum da safe. Amma a wurinsa shiga da usur, fita da usur. Mai riƙe wa Yaya igiya kuma wani ne da ko sunan ubansa ba mu sani ba, yana riƙe da ita yana hira.

Ran kwana na shida, da hantsi, na ga igiya ta motsa sau uku. Mai riƙon ya dubi helma. Helma ya leƙa ya ce, "An bi bangon nan da siminti jiya, ba abin da zai faru. Ya ƙarasa, saura kaɗan a busa." Ban san lokacin da na isa bakin rijiyar ba. Na ture mutumin, na ja, wasu biyu suka kama mini don sun ga idona. Yaya ya fito, ya ce yashi ya ji yana zubo masa a ƙeya daga ƙasan simintin.

Rijiyar nan ba ta rufta ba. Har yau tana nan, ruwanta garai-garai, na sha shi ya fi a ƙirga. A ranar aka sallami Yaya, wai ya kawo ɗan'uwansa ya karya doka. Labari kuwa ya riga mu isa Azare, aka ce babban mahaƙin gidanmu ya zama matsoraci, yashi kaɗan ya kore shi. Kawu ya yi kwana uku yana murmushi, yana cewa ai ga gwamnatin taku nan.

Rani ya yi nisa ba wanda ya neme mu. Daga baya Kawu ya samo mana jinga wajen wani attajiri a gefen Itas. A gabanmu mutumin ya ce, "Na ji labarinku. Ni ba na son mai hawa da sauka. In ba za ku iya ba, ga wasu nan suna jira." Na so mu juya. Yaya ya dubi ƙasa ya ce za mu iya. Matarsa tana da goyo, rumbu kuma ya kusa ƙarewa.

Da muka kai gaba goma sha ɗaya, ƙasar da ke fitowa a kwando ta canza, ta zama fara, tana bin yatsu. Na leƙa na ce, "Yaya, ƙasar nan ban yarda da ita ba." Ya ce daga ƙasa, "Kai da me ka taɓa yarda? Sako kwando." Na sako. Attajirin yana tsaye a bayana da carbi. Na naɗe igiyar a hannu har tana cin fatata, ina jira in ji ko da ja ɗaya ne, don na ƙudura ba zan jira na ukun ba.

Sai rijiyar ta rufta da shi. Sai da muka yi yini biyu muna tono kafin mu kai gare shi.

Wajen zaman makoki gardamar ta sake tashi, ƙasa-ƙasa. Wani malamin ofis ya ce da rijiyar gwamnati ce da siminti ya tsare. Kawu ya ce da hukuma ba ta ɓata masa suna ba, da ya zaɓi inda zai yi aiki. Kowa ya ɗauki gawar Yaya ya kafa hujja da ita. Na ji haushinsu ƙwarai, amma nawa zargin ya riga ya juyo kaina: ni na jawo shi a Gadau a gaban mutane, har aka koya masa jin kunyar igiya.

Mun same shi a tsugune, dagi a gefe, yashi cike da wuyan rigarsa, alamar ya daɗe yana zubo masa. Hannunsa na dama yana kan igiyar, ya riƙe ta gam. Ɗaya bakin igiyar yana hannuna tun safe ran nan, kuma ban ji komai ba.