Ranar da Na Tsayar da Maigidana a Texas

Ko da zan manta komai na zamanmu a Fort Washington, ba zan manta da lokacin sanyin da maigidana ya hau babur zai keta Amurka ba.

Injiniya ne, mutum mai natsuwa, amma tun yana ɗalibi a Kano yake da son babur. Da ya sayi wani ƙato a nan, sai ya ƙudurta zai hau shi har California, wurin ƙaninsa da matarsa ke da tsohon ciki. Hutun da ya samu a wurin aiki kuwa a Janairu ya faɗo. Na yi faɗa, na yi magiya, na daina magana, duk a banza.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne mutumin Kumasi, tsohon direban tirela. Na je wurinsa ne don ya hana tafiyar. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, “'Yata, wannan mutumin zai tafi. Ke dai me kike tsoro?”

Na ce, “Dusar ƙanƙara, Baba.”

Ya ce, “Wannan ai ana ganinta, a tsaya. Ki ji tsoron ruwan sama da ke sauka a ruwa, ya taɓa kwalta ya daskare.”

Maganar ta tsaya mini a rai. Ta yaya ruwa zai sauko a ruwa, kuma ya zama ƙanƙara a ƙasa? Ya ce iskar sama ce ke da ɗumi, ƙasa kuma ta yi sanyi ƙarara. Ban gamsu ba. Da na koma gida na sa farantin ƙarfe a firiza, bayan awa biyu na ciro shi na yayyafa masa ruwa. Ina kallo ɗigon ya ƙame, ya yi santsi kamar gilashi. Sau uku na maimaita, kamar wata yarinya.

Daga ranar na shiga karatun yanayi. Ni da ke aiki a ɗakin gwajin jini, sai ga ni ina bin taswirar iska da gajimare a lokacin hutun cin abinci. Na gano gada tana riga titi daskarewa domin iska na ratsa ƙarƙashinta. Na gano sanyin da mai tafiya a ƙasa zai jure, a kan babur yakan kashe yatsu har mutum ya kasa kama birki. Duk abin da na gano, sai ya haifar mini da wata tambayar.

Muka zauna mu uku muka zana hanya ta kudu, ta Georgia da Louisiana da Texas, nesa da manyan duwatsu. Ba tafiya sai hantsi ya ɗaga, a sauka kafin magariba. Baba ya ƙara sharaɗi ɗaya: duk safiya zan duba garuruwan da ke gabansa, in na ce ya tsaya, to ya tsaya. Maigida ya yi dariya ya amince. Ina jin bai zaci ranar za ta zo ba.

Yana kwana uku a hanya matar ƙaninsa ta haihu, namiji. A rana ta bakwai da tafiyarsa, saura kwana uku suna, ya kira ni daga wani ƙaramin gari a tsakiyar Texas. Ni kuwa tun bayan asuba nake kallon iska mai sanyi tana gangarowa daga arewa, wata mai damshi tana tasowa daga teku, za su haɗu a kan hanyarsa.

Na ce, “Abban yara, yau ba tafiya.”

Ya ce, “Hajiya, kin ga sararin nan kuwa? Ko ɗigon gajimare babu. In na kwana a nan, suna ya wuce ni.”

Gaskiya ya faɗa. Idan na yi kuskure, na raba shi da sunan ɗan fari na ƙaninsa a kan zanen da na gani a waya. Na kira Baba. Ya ce, “Ni ban duba ba, ke kika duba. Me kika gani?” Na faɗa masa. Ya ce, “To, ki faɗa masa haka.”

Na sake kiran maigida na maimaita. Ya ce, “Na yi alkawari,” ya ajiye wayar. Da azahar ya turo mini hoton rana tana haskawa, babu ko kalma ɗaya a ƙasa. Na kasa cin abinci.

Bayan la'asar aka fara yayyafi a can. Kafin magariba ya sake turo hoto: babur ɗin a ƙofar masauki, ƙanƙara ta lulluɓe shi tun daga madubi har taya. Ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ya fita ya duba babur ɗin, taku biyu ya yi ya zame ya zauna daɓas, kuma ko makulli ya ƙi shiga. Sai ya ce, “Yi mini bayani, ta yaya ruwa ke yin haka?” Muka yi kusan awa guda ina yi masa bayani, yana ta jefo tambayoyi.

Kwana biyu ya yi a garin. Ta waya ya kalli raɗin suna. Ya isa California bayan an watse, ya ɗauki jaririn da hannunsa, lafiya lau.

Shekaru sun shuɗe, amma abin da na koya yana nan. Da na tsaya a kan faɗa da magiya, da ya tafi ba tare da kowa yana duba masa gaba ba. Tsorona bai amfane shi da komai ba sai da na zauna na binciki ainihin abin da nake tsoro. Tun daga lokacin, in abu ya firgita ni, nakan fara da tambayar yadda yake aiki.