Zanen Gidan Alhajin Maraɗi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin nas a Kano kafin in biyo mijina Guangzhou, inda yake yi wa 'yan kasuwa lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na ce ba zan zauna gadin tukunya ba, na shiga karatun gaba na jinyar iyali, irin wanda nas ke duba mara lafiya da kanta, ta bi shi har gida. Ashe takarda ɗaya ce za ta nemi fitar mini da furfura.

A zangon asibiti aka ce kowace ɗaliba ta samu mutum ɗaya ta bi lafiyarsa wata uku, ta kuma zana gidansu: iyaye, 'yan'uwa, 'ya'ya. Namiji ɗan akwati, mace ɗan zobe. Wanda ya rasu a soke shi da layi, a rubuta shekarunsa da abin da ya kashe shi. Abokan karatuna 'yan China a zama ɗaya suka gama. Ni kuwa mijina ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin wandunan jins a Xintang, wai ai mutumin kirki ne, ga shi da hawan jini. Mutumin kirki ne kam, amma ban taɓa ganin mai taurin kai cikin fara'a irinsa ba.

Ranar farko na kai shi ƙaramin asibitin unguwa inda nake koyon aiki. Malamata, wata 'yar siririyar mata mai gilashi, ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta dube ni. Aka rubuta masa magani. Ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya da Sinanci, ya jefa a jaka. Sai na buɗe takardata.

Na ce, "Baba Alhaji, 'ya'ya nawa?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, lokotoro, akwai albarka." Haka yake kirana, lokotoro, kalmarsu ta likita a can, duk da na gaya masa sau goma ni nas ce.

"Mahaifinka fa, me ya yi ajalinsa?"

"Kwana ne ya ƙare."

"Yayanka?"

"Shi ma lokaci ne."

Haba! Na san ba ma ƙirga 'ya'ya, na san ba ma tonon mamaci, a cikin wannan al'adar aka haife ni. Amma me zan rubuta? Na fassara wa malama cewa lokacinsu ne ya yi. Ta zagaye wurin da jan biro, ta tambaye ni da gaske, ba da wasa ba: lokacin zuciya ne ya yi, ko na ƙoda, ko na hanta? Sau uku tana dawo mini da takardar. A na ukun ta ce ba makin ne ya dame ta ba. Mutumin nan jininsa ya hau sosai, kuma in ba a san abin da ke bin gidansu ba, ba a san ta inda za a tare shi ba. Na fito raina a ɓace, don ta fi ni gaskiya.

Wata Asabar na ɗauki ma'aunin hawan jini na hau mota har Xintang. Garin nan ko'ina shuɗin zare ne, har a bakin kwata. Na same shi a wani shago zaune kan dilar wanduna, yana jan ƙugun wani wando yana musu da mai shagon a kan ɗinki. Na auna shi a nan. Jinin yana inda na bar shi, har da ɗoriya. Na ce ya nuna mini maganin. Ya zaro kwalin daga jaka, ko ɓare shi bai yi ba.

"Ai lafiyata lau, 'yata. Tuwo nake ci, barci nake yi."

Nan fa na manta da ladabi. Na ce, "Baba, tsakani da Allah, kai za ka sayi wandon da ba ka juya cikinsa ka duba ba? Ni na baro girki na biyo ka, kai kana yi mini wasa da ranka!" Mai shagon ya sulale ciki. Alhaji bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Ya ce ina da faɗa irin na matar ƙanensa, wanda ya rasu bara.

Ashe ya yi rashin ƙane, ban sani ba. Na ajiye biro na ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya yi jinya ne?"

Tambayar da kowace mace ke yi a gidan gaisuwa ke nan. Wata biyu ina karanta masa tambayar takarda, wannan ba ta zo mini ba. Kai, na ji haushin kaina!

Ya gyara zama. Ya ce ina, ai gidansu Allah ya yi masu rahama, ba sa jinya. Ƙanen ya yi alwalar la'asar lafiya lau, ya ce kansa na sarawa, ya zauna a bakin shago, shi ke nan. Yayan a tasha ya faɗi, baki ya karkace, kwana biyu ya cika. Mahaifinsu kuwa yana cikin auna gero kwano ya suɓuce daga hannunsa, bai sake magana ba. Babu wanda ya kai sittin a cikinsu. Yana faɗa yana murmushi, wai ba su wahalar da kowa ba.

Na shimfiɗa takardar a kan dilar, na soke akwatin uba, na soke na wa, na soke na ƙane, na rubuta abin da ya faɗa a ƙarƙashin kowanne. Ya leƙo yana kallo, murmushin yana raguwa.

Ya ɗora yatsa a kan akwati ɗaya da ya rage tsakanin na wa da na ƙane da na soke. "Wannan fa?"

"Kai ne, Baba."

Injinan ɗinki na ta ƙara a bene. Can ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin, ya yi ta fama da shi har na karɓa na ɓare masa. Ya haɗiye ƙwaya ɗaya da ragowar shayinsa. Ya sake duban takardar, inda ƙarƙashin akwatinsa, wurin 'ya'ya, babu komai.

Ya ce, "Zana tara, lokotoro. Maza huɗu, mata biyar. Ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba."