Saƙon da Goggo ta kai wa Baba

Takardu biyu suka zo mini a wata guda, ɗaya daga Dakar, ɗaya daga Kumasi, duka sun ɗauke ni karatun digiri na biyu a tarihin zane da sana'o'in hannu. A Dakar da Faransanci ake koyarwa, harshen da na yi karatu da shi tun firamare a nan Lome. Kumasi kuwa Turanci ne, ni da Turancina bai wuce na cinikin atamfa a bakin iyaka ba. Amma a Kumasi saurayina yake aiki. Shekara uku ke nan da danginsa suka kawo goron neman aurena, kullum sai dai waya. Na gaji, Kumasi nake so.

Saura yardar Baba. A gidanmu na Zongo 'ya ba ta zama gaban mahaifinta ta yi zancen da namiji yake ciki. Goggo ake aikawa, ƙanwar Baba, mai sayar da turare a kasuwar Agoè-Assiyéyé. Na hau babur na same ta, na kwashe awa guda ina jera mata hujjoji. Na ce a Zongon Kumasi akwai tsofaffin da har yanzu suke zana aikin babbar riga da alƙalami da tawada kafin a ɗinka, a kansu zan yi bincike. Tana ta gyaɗa kai tana auna wa mutane turare.

Washegari ta isar da saƙo a taƙaice: "Yaya, yarinya aure take so." Baba ya ce to, a ajiye karatun, a sa rana.

Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Na koma na ce, "Haba Goggo, haka muka yi da ke?"

"Ke, duk surutun takardun makarantar nan naki ai shi na tace na kai," in ji ta.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Bayan la'asar na iske Baba a zaure yana ɗinkin riga, don sana'arsa ke nan. Na durƙusa. Inna tana bayan ƙofa tana ta gyaran murya don in tashi, na yi kunnen uwar shegu. Na zayyana masa komai, shi kuwa ko kai bai ɗaga ba.

"In yaron nan ba ya Kumasi, ina za ki?"

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Dakar, Baba."

"To, aure ko karatu?"

"Duka, Baba. Ina son sa, ina son karatuna, kuma zan iya."

Ya gama layin da yake ɗinkawa, ya yanke zaren da haƙori.

"A ɗaura aure kafin a buɗe makaranta. Je ki nemi mai koya miki Turanci, kada ki ba mu kunya."

Na miƙe zan fita, sai ya kira ni. A lokacin ya dube ni sosai.

"Shekara ashirin da biyar ina jin ki ta bakin mutane," ya ce. "Ashe haka muryarki take."