Kafaɗar Kaka

Ko zan manta komai, ban da ranar da wata tsohuwa ta zame zanenta daga kafaɗa a tsakar gidanmu na haya a Romi.

Muna da wata maƙwabciya, budurwa 'yar Gbagyi, mai wasan ɗaga ƙarfe. Ta ciyo lambar yabo, sai wata jaridar intanet ta buga hotonta, ta rubuta a sama wai mace ce ko namiji. Jama'a kuwa suka yi mata caa, wannan ya ce kafaɗar ɗan dako, wancan ya ce wa zai aure ta. Yarinya ta shige ɗaki tana kuka, ta ce ta bar wasa ke nan, alhali washegari motarsu za ta tafi gasar ƙasa. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza.

Ana haka kakarta ta iso daga ƙauye. Ta tambayi dalilin kukan, na miƙa mata wayata ina karanto maganganun, ina tsallake masu muni. Ta ce in ƙara girman hoton. Ta daɗe tana kallo, sai kawai ta yi dariya, ta sa aka fito da jikarta, ta zame zanenta.

Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, wannan na sani. Amma ban taɓa ganin abin da hakan ke bari ba sai ranar. Kafaɗa ce faffaɗa, ta yi kanta baƙi ƙirin, kamar tafin ƙafa.

"Wannan ta cikin hoton tawa ce," in ji ta. "Da ita na ɗauki doya da itace har na raini ubanki, ba wanda ya rataya mini komai a wuya. Ke an rataya miki, shi ne za ki ɓoye min ita a ɗaki?"

Yarinyar ta shafa wurin, ta fashe da kuka. Ni da na zo lallashi, nawa ya fi nata.

Da safe tsohuwar ce ta saɓa jakar yarinyar, ta hana kowa karɓa, ta raka ta har bakin mota.

Tun daga ranar, in na ga ana yi wa jikin wata dariya, sai in tuna wataƙila gado ne, kuma da shi aka ciyar da wasu har suka girma.