Shekarar da Na Nemi Aibin Yayana

Mu goma sha ɗaya ne muka zaɓi darasin adabi a shekaru biyun ƙarshe na sakandare a Zuru. Sauran 'yan ajinmu sun ga ba abin ci a ciki, samarin kuwa idonsu na kan bariki, suna jiran a fara ɗaukar soja. Ba mu da ɗakin karatu namu. Benci biyu muke ja zuwa gindin dogon-yaro a bayan ofishin malamai. Kwafi uku ne kacal na littafin da za a tambaye mu a jarrabawa, ɗaya na Malam, biyu muna karɓa-karɓa.

Malaminmu na adabi Bakabe ne, dogo tsamurarre, kullum da farin alli a hannun rigarsa. Littafin na Turanci ne, amma idan magana ta yi zafi sai ya koma Kabancinsa. Dokarsa guda ce: ba ka ce wa tauraron labari mugu ko mai kirki sai ka buɗe shafi ka nuna inda ka gani. Idan ɗayanmu ya yi zuba ba hujja, sai ya karkata kai ya ce, "Mi ka gani? Hwaɗi abin da ka gani, ba abin da ka ji ba."

Labarin wani mai fito ne da ya ga an yi ɓarna a tsakiyar kogi, ya kama bakinsa shekara da shekaru, har shirun ya raba shi da matarsa da 'ya'yansa, ya mutu shi kaɗai. Mun shafe zango guda muna gardama ko tsoro ne ya rufe masa baki ko girman kai. Malam ya koya mana cewa duk babban tauraron da ya faɗi, a cikin halinsa yake ɗauke da abin da zai kayar da shi. Aikin mai nazari shi ne ya bi sawu har ya gano wannan aibin, daga nan jigon labarin zai fito da kansa. Ya nuna mana yadda za mu raba shafi huɗu: abin da tauraro ya yi, abin da ya ce, abin da aka ce a kansa, sai aibinsa.

Ban taɓa son wani abu a makaranta kamar wannan ba. A gida yarenmu na C'lela muke yi, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, kuma a duka ukun ni mai ƙarancin magana ce. Amma a kan bencin nan bakina ya buɗe. Malam ya taɓa karanta amsata a gaban kowa, ya ce in na dage zan karanci adabi a jami'a. Na ɗauki maganar da gaske.

Babanmu tsohon soja ne, ya koma noman dawa a gindin dutse. Mama tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yayana, wanda ya girme ni da shekara takwas, shi ma soja ne, an tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa. Kafin ya tafi ɗan kokawa ne, mai surutu, ya kuma yi wa iyayen budurwarsa golmo, wato noman neman aure irin namu, damina bayan damina. A farkon daminar da muka gama aji biyu na babbar sakandare ya dawo da jaka ɗaya da takardar sallama. Ba rauni ko ɗaya a jikinsa.

Makon farko mun ce gajiya ce. Sai mako ya zama wata. Da safe zai kifa turmi a tsakar gida ya zauna yana kallon kaji. In an ba shi tuwo ya ci, in an manta ba zai tambaya ba. In an gaishe shi ya amsa. Abokan kokawarsa sun zo sau biyu, suka yi ta barkwanci su kaɗai, ba su sake zuwa ba. Mama ta kai shi wurin fasto, ta kai shi asibiti, ta kai shi wurin wani tsoho mai magani a kan dutse. Baba ya ce a ƙyale shi, ba a tambayar soja abin da ya baro, shi ma ba wanda ya tambaye shi.

Ni kuwa ina ganin ina da abin da su ba su da shi. Na juya littafin rubutuna ta baya, na raba shafi huɗu kamar yadda Malam ya koya mana, na fara nazarin yayana. Gida uku sun cika da sauri. Ba ya shiga mota, ko ta haya, ya gwammace ya taka. Yana wanke hannu fiye da kima. Maƙwabta na cewa an yi masa asiri, wasu na cewa ƙwaya ce. Gida na huɗu ne ya gagare ni. Na rubuta tsoro, na goge, don na san shi ne ya taɓa shiga rafi a cike ya ciro akuyar mutane. Na rubuta girman kai, na goge, don mai girman kai ba ya barin ƙanwarsa ta aske masa kai a gaban yara.

A lokacin hutu Baba ya matsa masa ya bi mu gona. Muna maimai, ni da shi a kunya biyu kusa da juna, Baba ya yi mana nisa. Na daɗe ina shirya tambayar, sai na yi ta da yarenmu a hankali.

"Yaya, me ka gani a can?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni direba ne. Tuƙi kawai na yi."

"Me kake ɗauka?"

"Duk abin da aka loda."

Ya ci gaba da sara har ƙarshen kunyar, sannan ya ajiye fartanya ya nufi gida. Da yamma na rubuta maganar a gida na biyu, har ina jin daɗi na samu hujja. Wannan jin daɗin yana cikin abubuwan da nake kunya har yau.

Bayan an koma makaranta, wata Asabar na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da shi a kan turminsa da littafina a buɗe a cinyarsa. Na bar shi ne a kan tabarma. Na tsaya da bokiti a kai, na kasa saukewa. Ya karanta shafin duka, a hankali, yana bi da yatsa. Na jira faɗa, ko mari ma, da na fi son haka. Sai ya ɗora yatsa a kan gida na huɗu, inda takarda ta kusa hujewa don gogewa.

"Nan ba ki rubuta komai ba," ya ce.

Na ce ban gano ba tukuna.

"To, in kin gano ki gaya mini. Ni ma ina nema."

Ya miƙo mini littafin da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa babba abu.

Ranar Litinin na tsaya bayan darasi, ina taya Malam kakkaɓe allo. Ban ambaci gidanmu ba. Na tambaye shi ko mutum zai iya faɗuwa ba tare da wani aibi a halinsa ba. Ya dube ni. Garin ƙarami ne, na tabbata ya san labarin.

"Ga jarrabawa, ki ce akwai aibi," ya ce. "Masu duba takarda shi suka so, ɗiyata."

Na ce ba jarrabawa nake tambaya ba. Sai ya ce shi ya shekara ashirin yana koyar da wannan, kuma tun tuni yake shakka. Marubuci, in ji shi, yana dasa dalili ne don mai karatu ya samu na kamawa. Ya ce ya ga mutane da dama sun faɗi, kuma da ya bincika bai samu komai ba sai cewa suna tsaye ne a wurin da abin ya faɗo. Ya hau kekensa ya tafi. Na so ya ba ni wani shafi in buɗe, bai ba ni ba.

Bayan Kirsimeti aka yi wa Malam canji zuwa Sakaba. Ya tafi da kwafinsa, ba a kawo wani malami ba. Muka ci gaba da jan benci mu kaɗai, muna maimaita tsofaffin amsoshi, har muka koma mu huɗu. A cikin watan ne budurwar yayana ta zo da kanta, ta durƙusa wa Mama tana kuka, ta ce ta yi iya jiranta. Ba wanda ya ga laifinta. Yayana yana zaune yana ji, ya ce mata ta gaida gida.

Kafin Ista, wata ranar kasuwa, ya yi wanka ya sa riga mai kyau, ya ce wa Baba ya ji ana neman direban motar hatsi a Bena. Baba ya yi murna har ya raka shi tasha. Ya dawo yana ba mu labari cewa yayana ya shiga bas da ƙafarsa, ba gardama, har ya zauna a gaba. Mama ta yi waƙar godiya tana suyar ƙuli. Ni ma na yarda. Na ce ashe labarin mai daɗin ƙarshe ne.

Bai aiko ba, bai dawo ba. Baba ya je Bena sau uku. Masu motocin hatsi suka ce ba wanda ya zo neman aiki. Wata mai sayar da abinci a tasha ta ce ta ga mai irin kamanninsa ya wuni a zaune a gindin bango, washegari ba ta gan shi ba. Iyakar abin da muka taɓa ji ke nan.

Na rubuta jarrabawa da ruwan farko. Tambaya ta fito a kan mai fiton, na ce girman kai ne ya kayar da shi, na kawo hujja daga wuri uku. Na ci adabi da kyau, na faɗi lissafi. Na sake rubuta jarrabawar a shekara ta gaba na sake faɗi, daga nan maganar jami'a ta mutu. Na koyi ɗinki a wurin wata 'yar cocinmu, shi nake yi har yanzu. Na ji labarin cewa a Sakaba ba a ma yin adabi, wani darasi dabam aka ba Malam har ya yi ritaya. Ban sake karanta littafin labari har ƙarshe ba.

Baba ya bar noma rabin gonar, ciyawa ta cinye. Mama kuwa duk ranar kasuwa sai ta je tasha ta tsaya inda motocin Bena ke sauke fasinja, har ƙafafunta suka gaza. Sai ta riƙa aikena. Na yi shekara biyu ina zuwa. Daga baya nakan fita in zauna a shago in yi ɗinkina, in la'asar ta yi in koma gida in ce mata na duba, bai zo ba.