Goyon da Ya Dawo da Ni Jalingo

Fitowa daga Abbare

Ba a kira assalatu ba Baban Ummi ya tashe ni. Keke Napep biyu muka cika: katifa, buhun masara, tukwane, jarkar man gyaɗa, da wani ƙaramin turmi da mahaifiyata Dada ta rantse sai na tafi da shi. Ummi, 'yata mai shekara uku, barcinta take yi aka naɗe ta a zani.

Ku da muka yi sakandare tare kun dame ni da tambayar me ya dawo da ni da wuri. Zan rubuta sau ɗaya, don ba na iya maimaita shi da baki.

Baban Ummi ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin gine-gine a Abuja. Shi so ya yi ya tafi shi kaɗai ya riƙa aiko mana. Ni na ce a'a. Na ga matan da mazansu ke zuwa daga Sallah sai Sallah, yaransu na ɓuya bayan ƙofa in uban ya yi sallama. Burina ɗaya ne, mu kwana rufi guda, Ummi ta tashi ta san babanta. Na sayar da keken ɗinkina da awakina biyu aka cika kuɗin haya.

A bakin ƙofa Dada ta riƙe hannuna.

"Nafisa, garin da ake sayen ruwan wanka za ki?"

"Dada, ai mutane ne a can."

Ta ce da Fulatanci, "Allah hokke jam," wato Allah ya ba da lafiya, ta juya ciki.

Daga tasha zuwa Wukari

A tasha ɗan kamasho ya ga kayanmu ya riƙe baki.

"Hajiya, ƙaura ce ko gudun hijira? Har da turmi? Abuja fa inji suke da shi."

"Inji ba ya dakan yaji yadda nake so," na ce.

"To turmin nan kuɗin mutum guda zai biya, don ya fi wancan tsohon nauyi."

Tsohon da ya nuna ya ɗaga sanda, tasha ta ɗauki dariya. Aka yi ciniki, aka ɗaure kaya a bayan bas, muka tashi gari na wayewa.

Muka wuce Iware ana koro shanu zuwa kasuwa, muka wuce Mutum Biyu. A wani shinge soja ya leƙo ya ƙwanƙwasa turmin da yatsa, ya ce wa direba, "Amarya ka ɗauko?" Ya ɗaga mana hannu.

Kusa da ni wata mata ce mai tagwaye. Ko sunana ba ta tambaya ba ta ɗora min ɗaya a cinya, ta ci gaba da ba ɗayan nono. Ya yi barci a ƙirjina, ya jiƙa min zani, muka yi ta dariya. A Tella ta sayi busasshen kifi ta raba biyu ta tura min rabi a jaka. A Wukari ta sauka, ta karɓi ɗanta ta yi min godiya da Fulatanci, "Useko, 'yar'uwa." Har yau ban san sunanta ba.

Makurɗi, Lafiya, Keffi

Daga Wukari hanya ta lalace. A Zaki Biyam na ga doya tsibi-tsibi kamar an gina gari da ita. A Makurɗi muka yi azahar, muka ci sakwara da miyar agushi, kwano ɗaya ni da Ummi, don farashin ya ba ni tsoro. Muka haye gadar Binuwai, Ummi ta manne da taga tana ihun "Ruwa! Ruwa!"

Lafiya, Akwanga, Keffi, duk a gajiye na gan su. Rana ta kusa faɗuwa muka shiga wani cunkoson motoci da ban taɓa ganin irinsa ba. Fitilu, hon, masu talla suna bin taga. Na taɓa Baban Ummi.

"Mun iso Abuja ke nan?"

Ya yi 'yar dariya. "Nan Mararaba ce, jihar Nasarawa. Abuja na gaba. Can ake aiki, nan ake kwana."

Mararaba

Gidan dogo ne, ɗakuna suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, bayi ɗaya a ƙarshe. Ɗakinmu da aka shimfiɗa katifa sai wurin sallar mutum ɗaya ya rage. Kuɗin shekararsa zai kama gida sukutum a unguwar Sarkin Dawaki ta Jalingo, har da bishiyar mangwaro. Ruwa kuwa gaskiyar Dada ce, sai mai kura ya turo ka saya jarka jarka.

Baban Ummi kafin asuba yake fita don ya riga cunkoso, ya dawo Ummi ta yi barci. Wato rufin ɗaya ne, amma ranar Lahadi kawai take ganinsa. Abujar ma sau ɗaya na gan ta, wata Lahadi ya zaga da mu a motar haya, na ga titi mai faɗi da gidaje masu dogayen katanga, muka sha ruwan leda muka dawo.

Washegarin zuwanmu na dama kunun gyaɗa na bi ɗakuna, yadda baƙuwa take yi. Yawanci kwaɗo ne a ƙofa. Matar ɗakin da ke kallon namu, Maman Bobo, ta buɗe kaɗan, ta ce da turanci ta gode ta ƙoshi, ta rufe. Ban ji haushi ba. Na ce a raina, za mu saba.

Ranar Laraba

Cikin mako na uku ne. Da hantsi ina shirin zuwa 'yar kasuwar bakin titi sayen tattasai, sai na ji kukan jariri a lungu. Bobo ne, bai fi wata tara ba, ya rarrafo daga ɗakinsu, ya ɓata jikinsa, yana dab da kwatar bayi. Na yi sallama a ƙofarsu, shiru. Na leƙa, ba kowa. Na buga ƙofa biyu na kusa, duk kwaɗo.

To me za ku yi? A Abbare wa ke tsallake yaro yana kuka? Na ɗauke shi na wanke shi, na ba shi kunu da cokali, ya sha sosai. Na jira uwar, ba ta zo ba. Na ce ba zan bar shi shi kaɗai ba, kasuwa kuma ga ta nan kusa. Na goya shi, na sako hijabina a kansa saboda rana, na kama hannun Ummi muka fita. Wallahi har waƙa nake masa a hanya.

Ashe uwar ta je sayen gas ne yana barci, layi ya riƙe ta. Ta dawo ba yaro. Wani mai shago ya ce ya ga wata baƙuwa ta fita da abu a ƙarƙashin hijabi.

Ina tsugune gaban mai tattasai na ji ihu a bayana. Na juya in ga me ya faru, sai na ga ni ake nunawa. Kafin in miƙe wani ya fizge hijabina ta baya har ya shaƙe ni. Maman Bobo ta kwance zanin ta fizgi ɗanta, tana kuka tana dukana da hannu ɗaya. "Ɓarauniyar yara!" Da Hausa na ji, da turanci na ji, da harsunan da ban sani ba.

Na ci turanci a jarrabawa, kun sani. Ranar ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Mari ya sauka ta dama, wani abu ya same ni a goshi, na ji ɗumi na gangarowa. Wani ya ce ita ma 'yar tawa sato ta na yi, suka janye Ummi daga hannuna. Sai na ji wata murya a baya tana cewa a kawo taya.

Ban san na koma Fulatanci ba. Dada kawai nake kira.

Wata mata ƙatuwa mai sayar da doya ta ratso mutane da wuƙar yankan doyarta a hannu, ta tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ta ɗaga murya da Hausarta mai mayar da mace namiji.

"Kai! Ba wanda zai taɓa shi! Ke, daga ina?"

"Jalingo," na ce. "Abbare."

"Na ji bakinka. Ni Zing ne, kusa da ku." Ta juya ga taron. "Wannan yarinya ɗan garinmu ne. A wurinmu yaro ya yi kuka, kowa ne yana goya. Ɓarawo zai sata yaro ya zo ya zauna yana cinikin tattasai? Ku duba yaron, an wanke shi ko ba a wanke ba?"

Wani saurayi ya ce, "Mama, ki matsa."

"Zo ka matsa ni. Uwarka ma ya san ni a kasuwan nan."

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta sassauta abin. Ta sa aka miƙo mata Ummi, Ummi ta ƙanƙame wuyana tana shessheƙa, kowa ya ga tawa ce. Kafin nan 'yan banga sun iso.

Ofishin 'yan banga

Aka zaunar da mu a benci. Aka kira Baban Ummi, amma cunkoso ya riƙe shi sai bayan la'asar ya iso, rigar aiki a jikinsa, idonsa ja. Mai doyar, Maman Talatu, ta bar kayanta ta zauna da ni har lokacin, tana danna min tsumma a goshi tana yi min faɗa.

"Nan ba gida ba ne, ka ji? Ko yaro ya faɗi a wuta, ka yi ihu kawai. Kar ka ɗauka."

Shugabansu ya saurari kowa ya ce ba sata ba ce. Ya ce in ba Maman Bobo haƙuri, na ba ta. Ta rungume ɗanta, ba ta kalle ni ba, ta ce abu ɗaya da turanci: wa ya aike ni? Ban ga laifinta ba. Da ni na dawo na tarar ba Ummi, ban san me zan yi ba.

Kwana huɗu ban leƙa waje ba. In na ji babur ya tsaya sai in tura katifa a ƙofa. Ummi ta daina magana sai nuni. Ran na biyar Baban Ummi ya zauna a bakin katifa ya ce, "Nafisa, ba zan iya tuƙi ina tunanin ko kina da rai ba. Jiya saura kaɗan in hau kan mai keke."

"To mu koma tare."

"In koma in yi me? An biya hayar shekara, ba a mayarwa."

Ni ce na ce sai na zo.

Komawa

Ya kai mu tasha da sassafe, jaka ɗaya kawai. Ya ɗaga Ummi ya ce, "Sai Sallah, ko?" Ta ɓoye fuska a kafaɗata.

Keffi, Akwanga, Lafiya, Makurɗi. Ban ci komai ba. A kowane shinge in aka leƙo sai in riƙe Ummi in ce 'yata ce, tun ba a tambaye ni ba. Wani ɗan sanda ya ce, "Hajiya, wa ya ce ba taki ba ce?" Direba ya kalle ni ta madubi, a Wukari ya sayo wa Ummi ayaba.

Mun shiga Jalingo ana kiran magariba. Dada na alwala a tsakar gida. Ta ga goshina, ta ajiye buta, ta je ta zuba min ruwan wanka.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu da rai. Na gode wa Maman Talatu, wadda ko lambarta ban karɓa ba. Duk wadda hanya ta kai ta 'yar kasuwar nan, ta sayi doyarta ta ce Nafisa na gaishe ta.

Jiya da safe Adda Hauwa ta maƙwabta ta shigo da sauri za ta kai niƙa, ta ajiye jaririnta a tabarma kusa da ni ta fice. Ya fara kuka. Ina zaune ina kallonsa, hannuwana a cinya, sun ƙi tashi. Ya yi ta kuka har Dada ta fito daga madafa da gari a hannu.

"Nafisa, ba kya ji ne?"

"Ina ji, Dada."

Ta kalle ni, ta goge hannunta a zani, ta sunkuya ta ɗauke shi.